Ƙiba da Rama da Kumburin Ɓoye: Abin da Shekaru Suke Rubutawa a Jikin Ɗan Adam



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne dangantakar da ke tsakanin abubuwa biyu waɗanda Bahaushe ya daɗe da rarrabe su, watau ƙiba da kumburi. A wurinmu ƙiba alamar hutu ce da wadata, kumburi kuwa alamar cuta. Idan amarya ta yi 'yan watanni a ɗakinta aka ga ta murje, sai a ce aure ya karɓe ta. Magidanci kuma in ya ajiye tumbi, sai abokai su riƙa zolayarsa, suna cewa naira ta zauna. To, binciken da masana ilmin likitanci suka yi daga 1993 zuwa yau ya nuna cewa ƙibar da take taruwa sannu a hankali, shekara bisa shekara, tana tafe da wani irin kumburi a cikinta wanda ido ba ya gani, mai shi kuma ba ya jin sa. Saboda haka abin da sikeli ya nuna a rana guda bai kai muhimmancin hanyar da nauyin mutum ya biyo cikin shekara ashirin ko talatin ba.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita a kan kalmar kumburi, domin ta yi wa abin da nake nufi kaɗan. Kowa a nan ya san maruru. Wurin yakan tashi, ya yi ja, ya ɗau zafi, ya riƙa zogi. Waɗannan alamomi huɗu wani marubucin Rum mai suna Celsus ya lissafa su tun a ƙarni na farko na Miladiyya, kuma har yau da su ake fara koya wa ɗaliban likitanci. Abin da ke faruwa shi ne garkuwar jiki ta tura fararen ƙwayoyin jini zuwa inda aka sami rauni ko ƙwayar cuta, su yi yaƙi, su share wurin, sa'an nan komai ya lafa. Wannan wutar kara ce, tana tashi da ƙarfi, tana mutuwa da wuri, kuma ba don ita ba da ɗan ƙaramin ƙurji ya isa ya kai mutum kushewa. Amma akwai wani iri wanda ya fi kama da wutar ƙaiƙayi, mai ci ta ƙarƙashi ba tare da harshe ba. Garkuwar jiki takan zauna a ɗan tunzure, ba ta kai ga zazzaɓi ba, ba ta kuma kwanta ba, har tsawon shekaru. Shi ne zan riƙa kira kumburin ɓoye a cikin wannan lacca.

Yaya ake gane abin da ba a gani? A 1930 wasu likitoci biyu a Cibiyar Rockefeller da ke Niyok, William Tillett da Thomas Francis, suka gano wani sinadari a jinin masu ciwon huhu, wanda yake hauhawa in ciwon ya tsananta, ya kuma sauka in an sami sauƙi. Shi ake kira CRP a taƙaice, kuma hanta ce take yin sa. In cuta mai ƙarfi ta kama mutum, yakan haura miligiram 100 a kowace litar jini. Da aka sami na'urori masu iya auna ɗan ƙanƙanin abu, sai aka lura cewa masu lafiya ma sun bambanta da juna. A 2003 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka, tare da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, suka ja layi: ƙasa da miligiram 1 haɗarin ciwon zuciya kaɗan ne, daga 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 kuwa mai yawa. A tsakanin waɗannan 'yan ƙananan alƙaluma maganarmu ta yau take.

A 1999 aka buga sakamakon awon jinin manya fiye da 16,000 a Amurka, aka ga cewa masu ƙiba sun fi saura yawan CRP, musamman ma mata. Sai dai irin wannan bincike hoton rana ɗaya ne, ba ya gaya mana wanne ya riga wanne. Don a san haka tilas ne a bi mutane ɗin nan dai na tsawon lokaci. An yi haka a yankin Nottingham na Ingila, inda aka auna manya fiye da 1,200 a 1991, aka sake auna su a 2000. Aka tarar kowane kilo ɗaya da mutum ya ƙara cikin shekarun nan tara yana tafe da ƙarin CRP kimanin miligiram 0.09. Wani zai ce ai wannan bai taka kara ya karya ba. To, mu yi lissafi. Matashin da ya gama karatu yana ɗan shekara 25, ya kama aikin ofis, ya sayi babur, daga baya mota, idan yana ƙara rabin kilo kawai a shekara, to ranar da zai cika 55 ya ɗora wa kansa kilo 15. Bisa wancan lissafi CRP ɗinsa ya ƙaru da fiye da miligiram 1, watau abin da zai iya ɗauke shi daga wani aji zuwa na gaba. Kuma rarar abincin da jiki zai ajiye kullum don a tara rabin kilon nan ba ta kai ƙwayar sukari guda da ake jefawa a shayi ba. Babu ranar da mutumin nan zai tashi ya ce yau na yi ƙiba. Tela ne kawai yake sane, shi ma daga Salla sai Salla.

Maganar wanne ya haifi wanne kuwa, masana sun biyo mata ta wata hanya mai hikima a 2011, da bayanan dubban mutanen ƙasar Danmak. Akwai waɗanda suka gaji ƙwayoyin halitta masu sa ƙiba, akwai kuma waɗanda suka gaji masu sa hanta ta riƙa yin CRP da yawa. Na farkon an same su da CRP mai yawa, na biyun kuwa ba a same su da ƙarin ƙiba ba. Ashe ke nan kitse ne yake gaba, kumburi yana biye.

Shugaba, a nan ne ya kamata mu tsaya mu dubi kitse kansa, domin ra'ayin masana game da shi ya sauya ƙwarai. A da an ɗauke shi tamkar rumbu, wurin ajiyar rarar abinci don ranar yunwa, ba ya cewa uffan. A 1993 Gökhan Hotamisligil da Bruce Spiegelman a Boston suka nuna cewa kitsen ɓeraye masu ƙiba yana fitar da wani sinadarin garkuwar jiki mai tayar da kumburi, wanda ake kira TNF, kuma da suka toshe shi sai jikin dabbobin ya fi sauraron insulin. Shekara guda bayan haka Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano leptin, saƙon da kitse yake aika wa ƙwaƙwalwa don ya sanar da ita yawan abin da ke ajiye. Rumbun nan ashe yana magana. Sa'an nan a 2003 ƙungiyoyin bincike biyu, ɗaya daga Jami'ar Kolombiya ta Niyok, suka gano inda yawancin hayaniyar take fitowa. Akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira makurofaj, waɗanda aikinsu shi ne haɗiye ƙwayoyin cuta da matattun ƙwayoyin jiki. Mu kira su 'yan shara. A kitsen mutum maras ƙiba ba su kai kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin wurin ba, amma a na mai ƙiba sosai sukan kusa kai kashi 40.

Me ya tara su? Amsar tana da alaƙa da wani bincike mai ban sha'awa da aka buga a 2008 daga Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin. Gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya da aka yi a sararin sama a shekarun 1950 da farkon 1960 sun bar wata alama a iska, wadda ta shiga tsirrai, ta shiga jikin duk wanda ya ci su. Da wannan alama Kirsty Spalding da abokan aikinta suka ƙididdige shekarun ƙwayoyin kitse. Suka gano cewa yawansu yana tsayawa ne tun lokacin ƙuruciya da samartaka, kuma ko da yake ana sabunta kimanin kashi 10 cikin 100 kowace shekara, jimillar ba ta cika sauyawa ba, ko da mutum ya rame. Watau babban mutum in yana ƙara nauyi, galibi buhunan da yake da su ne yake ta ɗurawa. Ƙwayar kitse takan kumbura har ta yi wa jijiyoyin jinin da ke ciyar da ita nisa, iska ta yi mata ƙaranci, ta galabaita, wata ma ta mutu. Sai 'yan shara su zo su kewaye gawar. Amma tun da ɗurin bai tsaya ba, sharar ma ba ta ƙarewa, su kuwa muddin suna aiki suna fitar da TNF da wani ɗan'uwansa mai suna IL-6. Wannan na biyun shi ne yake zuwa hanta ya umurce ta da ta yi CRP.

Ba kuma dukan kitse ne yake da laifi ɗaya ba. Tun a 1947 wani likitan Faransa, Jean Vague, ya lura cewa masu tara kitse a ciki da saman jiki sun fi fama da ciwon sukari da na zuciya bisa masu tara shi a ƙugu da cinyoyi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta ya ga bambancin kitsen da ke ƙarƙashin fata da wanda yake lulluɓe da hanji. Jinin da ya ratsa wannan na biyun kai tsaye yake zuwa hanta. A 2007 likitoci a birnin St. Louis na Amurka suka ɗebi jini daga wannan jijiya yayin da ake yi wa masu ƙiba tiyata, suka tarar IL-6 ɗin da ke cikinta ya fi na jinin hannu da kimanin rabi. A birnin nan dai, a 2004, an zuƙe wa wasu mata 15 kitsen ƙarƙashin fatar ciki, kimanin kilo 10 kowace. Bayan mako 10 zuwa 12 sikeli ya sauka, amma CRP da IL-6 da TNF suna nan inda suke, haka ma yadda jikinsu yake sauraron insulin. Wanda ya fahimci wannan gwaji ba zai ƙara ruɗuwa da tallar masu narka teɓa cikin mako biyu ba.

Ɓarnar da kumburin ɓoye yake yi ta shekaru ce. Yana toshe kunnen tsoka da hanta daga jin umurnin insulin, har sukari ya fara taruwa a jini. Yana kuma ƙuje bangon jijiyoyin jini ta ciki, maiƙo ya sami wurin maƙalewa, hanya ta ƙuntata, wata rana a wayi gari da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. A 2017 masana a Jami'ar Harvard suka buga abin da suka gani a mata ma'aikatan jinya fiye da 92,000 da maza ma'aikatan lafiya fiye da 25,000, inda suka kwatanta nauyinsu na farkon girma da na shekara 55. Kowane kilo 5 da aka ƙara yana tafe da ƙarin haɗarin ciwon sukari da kashi 31 cikin 100, hawan jini kashi 14, ciwon zuciya da na jijiyoyi kashi 8. Lalle kusan dukansu Turawa ne, don haka kada mu ɗauki alƙaluman mu ɗora wa Kano ko Damagaram yadda suke. Amma hanta da kitse aikinsu ɗaya ne ko'ina. Wani abin lura kuma shi ne CRP hayaƙi ne kawai. Waɗanda suka gaji yawansa ba su fi kowa ciwon zuciya ba. Wutar tana can bayansa, kuma an tabbatar da haka a 2017, sa'ad da aka ba mutane kimanin 10,000 da suka taɓa samun bugun zuciya wani magani mai kashe kumburi wanda ba ya taɓa maiƙon jini, aka ga maimaituwar ciwon ta ragu da kimanin kashi 15 cikin 100.

Tambayar da na san tana ran mutane da yawa a wannan zaure ita ce, in an rage nauyi wutar takan mutu? Takan lafa, babu shakka. A 2007 Elizabeth Selvin ta tattara bincike 33, ta ga kowane kilo ɗaya da aka rage yana saukar da CRP da kimanin miligiram 0.13, ko ta hanyar abinci aka rage shi, ko motsa jiki, ko tiyatar rage tumbi. Sai dai akwai wani babban gwaji da aka yi a Amurka da masu ciwon sukari 5,145 wanda ya kamata ya sa mu sassauta murna. Waɗanda aka tsananta wa horo sun rage fiye da kashi 8 cikin 100 na nauyinsu a shekarar farko, CRP ɗinsu kuma ya faɗi da kimanin kashi 44, alhali na sauran kashi 17 ya faɗi. Amma sannu a hankali wani ɓangare na nauyin ya dawo, kuma da aka tsayar da gwajin a 2012 ba a sami bambanci a yawan bugun zuciya tsakanin ɓangarorin biyu ba. Sababbin alluran rage ƙiba sun fi wannan tasiri. A 2023 an nuna cewa semaglutide ya rage bugun zuciya da shanyewar jiki da kashi 20 cikin 100 a tsakanin masu ciwon zuciya 17,604, CRP ɗinsu kuma ya sauka da fiye da kashi ɗaya bisa uku. Amma a wani gwajin, waɗanda aka dakatar wa allurar sun maido da kashi biyu bisa uku na abin da suka rage cikin shekara guda. Kuɗinta kuma ba na talaka ba ne.

Dalilin wannan taurin kai na jiki ya fara bayyana. A 2024 masana a birnin Zurik na Siwizalan suka binciki kitsen mutanen da aka yi wa tiyatar rage tumbi, shekara biyu bayan sun zubar da nauyi mai yawa. Suka tarar ƙwayoyin kitsen nan ba su koma kamar na wanda bai taɓa ƙiba ba. Sassan da suka shafi kumburi suna nan a kunne. A ɓeraye kuma an ga waɗanda suka taɓa ƙiba sun fi saurin maido da ita in aka sake ba su abinci mai maiƙo. Kitse yana da tuni. A ganina wannan ya isa ya sa mu daina zargin wanda ya rage ya kuma maido da cewa ragon banza ne, ya kuma sa likitocinmu su karkata hankalinsu ga ɗan shekara 25 wanda bai tara ba tukuna, maimakon su jira shi ya zo musu yana ɗan 55.

Yanzu bari mu juya ga rama, domin kada wani ya fita daga nan da zaton kowace rama alheri ce. Makiyayanmu sun san sammore, cutar da ƙudan tsando yake sa wa shanu, saniya tana kiwo amma tana zubewa har ta zama ƙashi da fata. Wani masani Ba'amurke, Anthony Cerami, ya ga irin waɗannan shanu a Kenya a shekarun 1970, ya yi mamakin yadda ƙwayoyin cuta 'yan kaɗan za su cinye dabba haka. Ya yi zargin jikin dabbar ne da kansa yake fitar da abin da ke ramar da ita. A 1985 shi da Bruce Beutler suka ware sinadarin, sai ga shi ba wani ba ne illa TNF ɗin nan da muka ambata. Watau abin da kitse yake ɗiga kaɗan kaɗan a jikin mai ƙiba, shi ne yake kwarara a jikin mai tarin fuka, ko sankara, ko cutar nan da Hausawa suka sa wa suna daga wannan alama tata, ƙanjamau. A nan lissafin ya juya: kumburi ne yake gaba, rama tana biye, kuma ba kitse kaɗai take ci ba, har da tsoka. Don haka duk wanda ya ga ya zubar da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata shida zuwa shekara ba tare da ya nufa ba, balle dattijo, asibiti ya kamata ya nufa. Haka nan likita a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro yake ko'ina tilas ya yi hattara da awon CRP, domin zazzaɓin yana cilla shi sama. In ya wuce miligiram 10, sai a nemi cutar da ke kusa, a sake awo bayan an warke.

Mu a nan nauyi biyu muke ɗauke da shi. Binciken lafiyar jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, kashi 12 kuma ramammu ne. Abin tsoron shi ne biyun suna iya haɗuwa a rayuwar mutum guda. A birnin Delhi na Indiya an bi wasu mutane tun daga haihuwa, aka buga sakamakon a 2004: waɗanda suka fi fuskantar ciwon sukari suna 'yan shekara talatin su ne waɗanda suke ramammu suna 'yan shekara biyu, daga baya nauyinsu ya riƙa hauhawa. Yaron da ya sha fama da tamowa a ƙauye, ya girma ya shigo birni, ya bar fartanya da tafiyar ƙasa, ya musanya tuwon dawa da miyar kuka da taliya da lemon kwalba, wannan hanyar yake bi. Haka uwar da kowace haihuwa take bar mata kilo biyu ko uku, ga wani cikin ya biyo baya kafin su zube.

Awon CRP ba kowane asibiti ne yake yin sa ba, amma sikeli da igiya suna ko'ina. Ina roƙon asibitocinmu, da na wannan jami'a, su riƙa rubuta nauyin mutum a katinsa duk ranar da ya zo, su kuma riƙa duba na shekarun baya kafin su rubuta na yau. A gida kuwa akwai awon da hukumar tsara aikin likitanci ta Ingila ta amince da shi a 2022, cewa faɗin ƙugu kada ya kai rabin tsawon mutum. A yanki igiya daidai tsawonka daga ƙafa zuwa ka, a ninka ta biyu, a zagaya da ita ciki, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu. In bakinta biyu ba su haɗu ba, kitsen hanji ya fara taruwa, ko da sikeli bai nuna wani abin a zo a gani ba.

Shugaba, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.